Tseren da Ya Jira Babban Baƙo

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, manyan garinmu suka kamu da son gasa. Komai a Keffi sai an yi masa gasa: noma, tsabtar gida, har da ƙibar jarirai. Cikin wannan yayi ne wani kwamiti ya zauna ya yanke cewa za a yi tseren dogon zango, a tashi daga filin makaranta, a bi hanyar Nasarawa, a juyo. Suka kuma zaɓi tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta barin gindin bango. Ban ji wanda ya tambaye su dalili ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ina haya a Angwan Iya, ɗaki ɗaya da wani abokin aikina, ɗan ƙabilar Eggon, Kirista, daga wani ƙauye a gindin dutse. Yana ce mini Malam, ina ce masa Ticha. Ba shi da takardar koyarwa. Yana cikin waɗanda aka ɗiba da gaggawa sa'ad da aka buɗe makarantu ko'ina, kuma an fara raɗe-raɗin za a sallami irinsu. Sai ga shela cewa wanda ya zo na ɗaya a tseren za a tura shi Jos kwas ɗin malaman wasanni, ya dawo da takarda. Tun daga ranar Ticha bai sake zama ba. Kullum na dawo daga sallar asuba sai in tarar ya riga ya zaga gari ya dawo, yana wanke ƙafa a bakin rijiya.

"Malam, wannan gudu shi ne makarantana," in ji shi, da Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji. "In na faɗi, gona zan koma."

Ni kuwa hedimasta ne ya sa ni ciki, don ya ga ina da tsawo. A ganinsa duk mai dogayen ƙafafu ya iya gudu.

In za a faɗi gaskiya, kwamitin ya ce da sassafe za a tashi, kafin rana ta yi ƙarfi. Sai dai akwai babban baƙo daga Jos wanda zai busa usur ɗin tashi, kuma a wurinmu ba a fara abu babban baƙo bai iso ba. Wanda ya ce a fara, an ɗauke shi mara tarbiyya ke nan. Saboda haka muka tsaya a tsakiyar fili da singileti da gajeren wando, don rumfa ta manya ce. 'Yan makaranta suka yi waƙar maraba har murya ta dushe. Makaɗa suka gaji suka zauna a kan gangunansu. Hantsi ya wuce, inuwarmu tana ta shigewa ƙarƙashin ƙafafunmu.

Dab da azahar baƙon ya iso cikin sabuwar Fijo. Shugaban kwamiti ya yi jawabin maraba da Turanci, aka fassara. Baƙo ya tashi ya yi nasa, a kan muhimmancin kiyaye lokaci ga matasa, shi ma aka fassara. Aka tafa sosai.

Akwai duro biyu na ruwa da aka tanada domin masu gudu. Ɗaya an yayyafa shi a gaban rumfa don wurin manya ya yi sanyi, ɗayan kuma, da yake azahar ta yi, ya tafi a alwala. Malamin wasanni ya ce kada mu damu, ai shan ruwa kafin gudu suka yake sawa a haƙarƙari. Ya bi mu yana zuba mana garin gulukos a tafin hannu. Muka lashe, ya manne mana a dasashi kamar garin alabo. Daga nan aka busa usur.

Kwalta ta yi laushi har tana kama takalmi. Ban yi nisa da gari ba na ji kunnuwana suna ƙara, na ga wani mangwaro, na ce a raina ni dai ina da takardata. Na zauna, wata mai kunun zaƙi ta ji tausayina ta miƙo mini ludayi. Ina nan zaune mutane suna ta zubewa a gefen hanya, babu mai kula da su, don motar kwamiti tana can tana jigilar lemo.

Can sai ga Ticha ya juyo, shi kaɗai, babu kowa kusa da shi. Na tashi ina kiransa, bai ko waiwayo ba. Na lura jikinsa a bushe yake ƙamas, yana kuma ɗan karkacewa. Na ce lallai namiji, ko gumi ba ya yi. Iyakar abin da muka sani ke nan a lokacin.

Na roƙi wani mai keke ya goya ni, muka iso filin kusan tare da shi. Ya tsinke zaren da aka ɗaura, amma bai tsaya ba, ya ci gaba har ya yi karo da bencin 'yan makaranta ya faɗi. Da na taɓa shi sai na ji kamar murfin tukunya. Yana karkarwa, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa.

To a garinmu, jiki da zafi ga karkarwa, sunansa zazzaɓi, kuma ko yaro ya san maganinsa: a lulluɓe mutum ya yi gumi. Shugaban kwamiti da kansa ya sauko daga rumfa, ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda mai nauyin aiki, ya rufe Ticha da ita tun daga kai har ƙafa. Wuri ya ɗauki tafi. Da sauran suka ga haka, kowa ya so ya samu lada. Wani ya ruga gida ya kawo bargo, wata ta ƙara da mayafi. Jama'a suka kewaye shi suna sannu, ko iska ba ta samun hanya. Babban baƙo ya yi addu'ar Allah ya sawwaƙe, ya ce hanya da nisa, ya shiga motarsa.

Sai bayan la'asar aka samu akori-kura ta kai shi asibiti. Can ne aka yaye duk abin da aka jibga masa, aka shiga kwara masa ruwan sanyi. Ya rayu. Amma harshensa ya yi nauyi, hannunsa ba ya iya riƙe alli, in ya tashi tafiya sai ya dafa bango. Kwas ɗin aka bai wa wanda ya zo na biyu. 'Yan'uwansa suka zo suka kwashe kayansa daga ɗakinmu.

Shekara da shekaru, in an tuna tseren nan a gari, ba a maganar rana ko ruwa. Labarin da ake bayarwa shi ne na sauƙin kan shugaba, babban mutum da ya tuɓe rigarsa saboda ƙaramin malami, wanda ba ma addininsu ɗaya ba. Kuma gaskiya ne, da zuciya ɗaya ya yi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau: ina da fushi, amma na rasa wanda zan zaga.

Da daminar shekarar tseren ta faɗi na je ƙauyensu. Na same shi a inuwar rumbu yana ɓarar gyaɗa a hankali, mahaifiyarsa na zaune kusa. Ya gane ni, ya yi murna. Ya tuna komai har zuwa inda aka juyo, daga nan babu.

"Malam," ya ce, yana jan kalmomin da ƙyar, "na kai?"

"Ka kai, Ticha. Kai ne na ɗaya."

Ya jinjina kai, ya daɗe yana murmushi. Sannan ya ce, "To yaushe za su kira ni Jos?"

Tsohuwar ta ɗago ta dube ni. Na ce masa sai ya ƙara jin sauƙi.