Sun Taso Ki Daga Gadon Jinya Ki Gyara Abin Da Suka Ɓata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan nan, ina zaune a ofishinmu ina kallon kujerarki, mijinki ya kira ni ya ce kin cika. Na yi kuka, na yi miki addu'a, amma har yau ɓacin rai ya fi hawaye yawa a ƙirjina.

Shekaru muka yi tare a ɗakin kwamfuta na ɗakin gwaje-gwajen jini, ni ina kula da shigar da sakamakon marasa lafiya, ke kina riƙe da babbar na'urar da komai ke ciki. Su manaja suka laƙaba miki Sannu-Sannu, don ba kya taɓa na'urar nan da gaggawa. Ke kuwa dariya kike yi, har kina amsawa. Ranar da na goge sakamakon yini guda bisa kuskure, kin dawo da shi daga kwafin da kike ajiyewa kafin in gama salati. Kika miƙo min ruwa kika ce, "Sha, 'yar'uwa, ai don irin wannan ranar nake ɓata musu lokaci." Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, ke kika haɗa aikina da naki, ba ki taɓa gorantawa ba.

Ko ni da ba injiniya ba na haddace yadda kike sabunta manhajar da ke tafiyar da na'urar, saboda yawan maimaita shi. Sai kin ɗauki kwafin komai, kin gwada kin tabbatar yana buɗewa. Sai kin ajiye tsohon tsarin a gefe yadda za a koma masa idan sabon ya ƙi. Bayan manhajar ta hau, sai ki sabunta ɗan shirin nan da ke tada na'ura idan an kunna ta, a kan dukkan faifan ajiya biyu da ke cikinta, ki kashe ki kunna ki gani da idonki. Rumbun ajiya na tushe, inda manhajar kanta take zaune, shi ne na ƙarshe, sai an yi kwanaki ana aiki lafiya. Kina cewa idan aka juya rumbun zuwa sabon tsari ba ya komawa baya, kuma tsohon shirin tadawa ba zai iya karanta shi ba. Kin faɗi wannan a taro. Kin sake faɗa wa manaja a tsaye a bakin ƙofarsa ana gobe za a yi miki tiyata: manhaja ta hau, saura sauran, kada kowa ya taɓa sai kin dawo.

Ba su jira ba. Masu duba aiki za su zo, manaja yana son ya buɗe baki ya ce komai namu sabo ne. Ya kawo ɗan kwangila, aka ba shi makullin ɗakin. Mutumin ya ga saƙo a allo cewa ana iya sabunta rumbu, ya danna, ya kashe na'ura ya kunna. Ba ta tashi ba. Kafin azahar zauren jira ya cika, ga masu ciki, ga wani dattijo da likitansa ke jiran sakamakonsa kafin a ƙara masa jini. Ɗan kwangila ya ce zai ɗauko wani abu a mota, ba mu sake ganinsa ba.

Sai suka tuna da ke. Likitanki ya riga ya ce ki kwanta, ko matakala kada ki hau. Na ce wa manaja haka a gaban kowa, na ce a nemi wani injiniya, ko a haɗa ki da shi ta waya. Ya ce min, "Zama kawai za ta yi, ai ba dutse za ta ɗauka ba." Ya tura mota ƙofar gidanki. Ya ce miki rayukan mutane na hannunki, domin ya san wannan maganar ce kaɗai za ta tashe ki.

Kin hau benen ofishinmu kina dafa bango. Kin durƙusa gaban na'urar da ɗinki a cikinki, kika tada ta da filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kika rubuta sabon shirin tadawa a faifan biyu. Da ta tashi, zauren ya ɗau hamdala. Ke ko kin jiƙe da gumi, ni na kama ki muka sauko. A mota kika tambaye ni ko dattijon ya karɓi takardarsa.

Washegari a taro manaja ya ce matsalar daga tsarin da kika gina ne, wai kin cika wahalar da abu. Ba wanda ya ambaci ɗan kwangila. A makon ɗinkin ya buɗe, zazzaɓi ya rufe ki, aka mayar da ke asibiti.

Na san rai na Allah ne, kuma ba wanda ke wuce lokacinsa. Ba zan ce su suka kashe ki ba. Amma sun ga mace mai ciwo sun taso ta, suka mori ƙarfinta, suka ɗora mata laifinsu. Ranar zaman makoki manaja ya zauna kan tabarma yana cewa ba su da kamarki. Kafin ya tashi ya matsa kusa da mijinki ya tambaye shi ina kwamfutar ofis da ke wurinki take. Mijinki ya shiga ciki ya ɗauko ya ba shi. Wannan ban yafe ba tukuna, Allah ya sani.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Ya haskaka makwancinki, ya sa aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da mahaifiyarki, da 'yan'uwanki, da 'ya'yanki mata biyu. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya yaran nan bisa halinki, ya haɗa su da mutanen da za su san darajarsu tun suna raye. Amin.