Jirgin da Kauko ya shanya a ɗakin surace

Yayana Kauko ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa bas tsakanin garinmu Orivesi da Tampere, ko madubin motar bai taɓa fasawa ba. Amma in ka tambayi mahaifiyarmu Impi, abu ɗaya za ta ce maka a kansa: yaron nan hannunsa bai iya komai ba. Yaron da take nufi kuwa furfura ta gama cinye kansa.

Laifin na Mama ne, ni Terttu zan faɗa, tunda Kauko ba zai faɗa ba. Lokacin yaƙi tana budurwa ta yi aiki a masana'antar jiragen sama, inda ake ƙera Myrsky, jirgin yaƙin nan da aka yi wa fukafukan katako don ƙarfe ya yi wuya. Ita tana cikin matan da ke shafa gam suna manne fallayen katakon. Iyakar abin da muka sani ke nan, ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Sai dai a gidanmu gam ya fi magani tsaro. Kujera ta karye, Mama ce za ta manne ta, ta ɗaure tam, ta hana kowa zama har sai mun manta muna da ita. Kauko yana ƙarami ya taɓa ɗaukar kwalbar don ya gyara akwatin tsuntsaye, ta fizge ta ce ya je ya wanke hannu. Tun daga ranar ya yarda shi ba mai aikin hannu ba ne, ko ƙusa za a buga a gidansa sai matarsa Sirkka ta ɗauko guduma. Mutane kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi.

Shi ya sa muka kalli juna ranar da ya yi maganar. Ya yi ritaya ke nan, muna shan kofi a gidan Mama, ana shawarar abin da za a yi in ta cika shekara casa'in a bazara. Sai muka ji ya ce shi zai ƙera mata ɗan ƙaramin Myrsky, na katako, da hannunsa. Mama ba ta ɗago daga kofinta ba, cewa kawai ta yi, “To.” A wurinmu wannan “to” ɗin ya fi a yi maka dariya ciwo.

Duk lokacin sanyin nan a ɗakin ajiyar kayansa ya ƙare shi. Bai sayi irin na roba da ake haɗawa ba, ya ce na gaske da katako aka yi shi. Ya je gidan tarihi ya yi ta kallon hotuna har mai gadi ya fara gaishe shi da suna. Ya yanke yatsu, ya ɓata katako mai yawa, Sirkka ta ce murhunsu bai taɓa ƙoshi irin na wannan shekarar ba. In na leƙa nakan tsokane shi in ce, “Yaya, wannan jirgi ne ko kifi?” Amma da dusar ƙanƙara ta fara narkewa na daina tsokana, don abin ya fito. Tsawonsa kamar kamu biyu, ga farfela tana juyawa in ka hura, ga 'yar kujerar matuƙi a ciki. Ya shafa masa fenti kore da baƙi. Na ga yana kallonsa ta gefen ido, yana jin kunyar a gan shi yana jin daɗi.

Saura shafi na ƙarshe, mai ƙyalli, wanda ba ya son ƙura. To a gidan ɗan ƙasar nan ina ne babu ƙura, babu kyanwa, babu mai shiga ya fita? Sauna, ɗakin surace. Can matanmu na da suke haihuwa saboda tsabtarsa. Kauko ya kai jirgin ya ɗora a bencin sama, ya ja ƙofa, bai gaya wa kowa ba, don shi ba ya gaya wa kowa komai. Ya manta ranar Asabar ce. Sirkka kuwa tun da aka yi aurensu ba ta taɓa barin Asabar ta wuce ba ta kunna sauna ba, kuma makunnin a waje yake, ba sai ka leƙa ciki ba. Ta murɗa ta koma tana murza kullin burodin bikin gobe.

Da na isa gidan da yamma na tarar da shi zaune a matakala da tawul a kafaɗa, jirgin a cinyarsa. Fentin ya yi bororo. Fiffiken hagu ya lanƙwashe, fallen da ke samansa ya ɗaye ya buɗe baki, haƙarƙarin ciki duk a waje. Sirkka tana kuka a ɗakin girki, shi kuwa ko laifinta bai gani ba. Cewa yake Mama ta yi gaskiya tun farko, kuma gobe in ce mata zazzaɓi ya kama shi. Na ce masa ƙarya ga tsohuwa mai shekara casa'in, ni ba da ni ba, in yana so ya zo ya yi da bakinsa. Gaskiya tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma a gidanmu ba mu iya nuna shi ta wata hanya ba.

Washegari ya zo gidan Mama, da kwali a hammata. Ya ajiye shi ƙarƙashin rigunan baƙi a bakin ƙofa, ya samu kusurwa ya lafe. Aka sha kofi, aka yanka kek, dangi suka miƙa furanni da safa. Na fara zaton ya tsira, sai Mama ta ajiye cokali.

“Kauko, ina jirgina?”

Kunnuwansa suka yi ja. Ya tashi kamar mai zuwa kotu, ya ɗauko kwalin ya ajiye a gabanta, ya tsaya yana kallon takalminsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige bai waiwayo ba.

Mama ta buɗe. Ina jiran ta ce abin da ta saba cewa. Ba ta ce ba. Ta sa yatsa ta bi bakin fallen da ya ɗaye, a hankali, daga gindin fiffiken har ƙarshensa. Fuskarta ta yi ja kamar tasa.

“Wa ya gaya maka?” ta ce.

Kauko bai gane ba, mu ma haka. Ita kuwa ta ɗauka da gangan ya yi. Idonta a kan tebur, murya ƙasa-ƙasa, ta ce gam ɗin lokacin yaƙi ba shi da kirki, ba ya jure laima, kuma su matan sun sani. Ana gaggawa, akan ce su kwance matsin tun bai gama kamawa ba don wani fiffiken yana jira, ita kuma tana yarinya, ta kwance. Daga baya labari ya zo cewa fiffiken wani jirgi ya ɗaye a sama, matuƙin bai dawo ba. Babu wanda ya ce hannun wa ne. Na hagu ne, ta ce, kuma ita a na hagu take aiki.

Kowa ya samu abin kallo a cikin kofinsa. Ni kunya ce ta rufe ni, da na tuna yawan dariyar da muka yi wa kujerunta ɗaurarru.

“Mama, ba wanda ya gaya mini,” in ji Kauko. “A sauna na bar shi. Sakarcina ne.”

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta ce in ɗauko mata kwalbar gam da ke saman kabad. Na miƙa mata, ta warware murfin da ƙyar, ta tsoma ɗan buroshin. Hannunta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai ta juya buroshin ta miƙa wa Kauko ta wajen mariƙin.

“Shafa, siriri. Yanzu danne da yatsunka. Kada ka saki sai na ce.”

Ya danne. Kofi ya huce, baƙi suka fara neman rigunansu suna sallama a hankali, shi yana tsaye a sunkuye kan tebur, ita ta ɗora tafinta a kan hannunsa. Har na gama wanke kofuna ba ta ce ya saki ba.