Yadda Na Kai Goggo Kallon Talabijin a Ma'adi

Bakina ne ya ja min. Goggo Hajara, ƙanwar babanmu da ta yi shekara ashirin tana aikin jinya a Leeds, ta bugo waya cewa za ta yada zango a Alƙahira kafin ta wuce Kano. Ta tambaya ko talabijin ɗinmu yana kama tashoshin Ingila, ni kuma na ce har numfashin Sarauniya muna ji. Gaskiyar magana, akwatinmu na Hayyin Ashir, unguwarmu a nan Alƙahira, tasha uku yake kamawa, ta ukun ma sai an mare shi.

Ashe akwai wani wasan kwaikwayo na wata unguwar Landan da take bi tun kafin a haife ni. An kashe mai shagon unguwar, kuma a makon nan za a bayyana wanda ya kashe shi. An nuna shirin tana cikin jirgi, saura maimaicin ranar Lahadi, ƙarfe huɗu agogon Masar. Da ta iso ta ga akwatinmu sai ta ce, "Sadiƙu, in na ga shirin nan zan roƙi babanka ka zo mana hutu. In ban gani ba, kai da Ingila sai a taswira."

Yaya Mukhtar, wanda nake zaune a wurinsa, ya samo wata dattijuwar Baturiya a unguwar Ma'adi, Madam Helin, mai koya wa abokinsa Turanci. Ya ce ya shirya komai, ya tafi darasi ya bar ni da aiki.

Hayyin Ashir

Ranar Lahadi tun asuba Goggo ta tashe ni, wai a Ingila mai makara ba mutum ba ne. Amma sai sha biyun rana muka fita, domin ta tsaya neman lema. A Alƙahira fa, inda ruwan sama yake zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

A tashar ƙananan bas ta tsaya cak a bakin titi, ta ce in tsaya a bayanta. Layi ke nan, mu biyu. Mota ta zo, yaron mota yana ihun Ramsis, inda za mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, jama'a suka afka, har wani ya shiga ta taga. Goggo ta ce, "Bari waɗanda suka riga mu su shiga."

Na ce, "Goggo, a nan wanda ya riga shi ne wanda ya zauna."

"Shi ya sa ƙasashenmu ba sa ci gaba."

Mota tara na ƙirga. Wani mai sayar da ta'amiyya, wato ƙosan Masarawa, ya ji tausayinmu ya miƙo mana kujera, ya ɗauka gawa muke jira. Wata mata ta taka wa Goggo ƙafa, Goggo ce ta ba ta haƙuri. Da ta duba agogo ta ga ɗaya da rabi ta gota, sai na ga ta ɗaure mayafi a ƙugu. Mota ta goma ba ta gama tsayawa ba Goggo ta sa lemar ta tokare wani ƙato, ta ture biyu da gwiwar hannu, ta zauna kusa da taga tana cewa, "Kai, shigo mana, sakarai!" Shekara ashirin a Leeds, amma 'yar Kurmi tana nan da ranta.

Ramsis

Jine biyu-biyu na kuɗin Masar muka biya. Cunkoso ya riƙe mu a Abbasiyya, Goggo tana neman bel ɗin kujera, direba yana shan shayi da hannu ɗaya yana zagi da ɗayan. Ban san da me yake tuƙin ba. Da muka sauka ta ce masa ta gode, ya leƙo ya tambaye ni ko lafiyarta ƙalau.

A ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗan sanda ya bincike jakarta, ya zaro kwalin biskit ɗin da ta kawo wa Madam tsaraba. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce abincin Turawa ne. Ya jijjiga, ya ce, "Ma'alish," kamar mai yi mana jaje. Tikiti jine ɗaya. Goggo ta shiga taragon mata, ni na shiga na kusa, a kowace tasha ina leƙo kai don kada ta sauka ta ba wani wuri.

Ma'adi

Huɗu saura kwata muka buga ƙofa. Ga talabijin nan a falo, faɗinsa ya kai tabarmar sallah. Na ce a raina, Ingila ga ni nan.

Madam Helin ta kawo shayi da madara mai sanyi. Suka fara da sanyin Leeds, suka koma ruwan saman bara, suka dawo sanyin Leeds. Huɗu ta yi. Na taɓa Goggo da ƙafa, ta ce da Hausa tana murmushi, "Ba a shiga gidan Bature a ce ya kunna kaya. Ita za ta fara tayi."

"To ki ɗan yi mata nuni."

Nunin da ta yi shi ne, "Kina da kyakkyawan falo." Madam ta gode, ta ƙara mata shayi. A nan na fahimci abin da Yaya ya shirya: kunya ta hana shi ambaton talabijin, ya ce wa Madam goggonsa ce ke son gaishe ta kawai. Kunyar Bahaushe ta haɗu da ladabin Bature, ni ne a tsakiya ina cin biskit mai ɗanɗanon kwali.

Biyar saura minti biyar na kasa daurewa. Na miƙe, da Turancina na makaranta na ce, "Madam, don Allah talabijin muka zo kallo."

Goggo ta rufe ido. Madam ta yi ja har kunne, ta ba da haƙuri sau bakwai, ta kunna. Shiri ya ƙare, sunayen 'yan wasa ne ke hawa. Don ta rage mana zafi sai ta ce, "Ni ma ban taɓa zaton matarsa ce ta kashe shi ba."

Komawa gida

Tasi muka ɗauka. Har Hayyin Ashir Goggo ba ta yi maganar ƙaryata ba, ba ta yi ta Yaya ba. Faɗanta ɗaya: na ci mata mutunci a gaban baƙuwar ido. Mun iso ana kiran magariba, mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da mai ta'amiyyar da ya ba mu kujera. Ranar Talata Goggo ta wuce Kano. Hutun shekarar a Hayyin Ashir na yi shi.