Sheƙar Shahon Baba Arvo

Masu kallon tsuntsaye na garin Duluth suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: in ka ga sheƙa, ka kame bakinka. Da labari ya fita, masu kyamara za su yi wa wurin tsinke, uwa ta tsorata ta bar ƙwai su huce. Ba wanda ya riƙe wannan ƙa'ida kamar Arvo Lahti.

Arvo ya ƙare ƙarfinsa a bakin tafki, yana tuƙa injin loda duwatsun ƙarfe cikin jiragen ruwa. A da bai san bambancin gwara da tattabara ba. 'Yarsa Kaisa ce mai son tsuntsaye. Da ta rasu, sai ya tarar da madubinta na hangen nesa rataye a bayan ƙofa, ya sauke shi, ya soma fita da asuba. Igiyar ta yi masa kaɗan a wuya, bai canja ta ba. Bai kuma taɓa ba kowa aron madubin ba, ko Gladys, tsohuwar malamar makaranta da suke zagaya kurmin lambun gari tare kowace Asabar.

A bazarar bana ya gano wani ɗan shaho, girmansa bai wuce na tattabara ba, bayansa shuɗi-shuɗi. Shi da macensa sun gaje tsohuwar sheƙar hankaka a ƙolin wani dogon icce mai ganye kamar allura. Arvo ya yi shiru abinsa. In sun zo wucewa ta wurin shi da Gladys, sai ya tsiri ɗaurin takalmi.

"Wannan takalmin naka kullum a gindin icce ɗaya yake kwancewa," in ji Gladys. "Tsoho, ni fa na koyar da yara, na san fuskar maƙaryaci."

"Ci burodinki, Malama."

Wata safiya ya iske jan fenti a jikin iccen. Ma'aikatan lambu ne suka yi wa itatuwan da iska ta karkatar alama, za su sare. Doka ta hana a taɓa iccen da tsuntsu yake kwanci a kai, amma sai an san da sheƙar. Shirun da Arvo ya yi don kare ta, shi ne yake shirin kayar da ita.

Ranar sara ya riga su zuwa, ya jingina da iccen, kofinsa a hannu. Shugabar ma'aikatan, wata mata mai suna Colleen, ta sauko daga mota tana sa safar hannu.

"Baba, matsa mana. Ko kai ma so kake mu haɗa da kai?"

"Itacena ya bushe, 'yata, ba zai yi muku katako ba. Amma wannan da masu gida a sama."

Ta ɗaga kai ta duba. "Tarkacen hankaka ne. Na bara ma."

"Hankakin ya tashi, ya bar 'yan haya."

"Sai na gani da idona. In na koma ofis na ce wani dattijo ne ya faɗa mini, dariya za su yi."

Daga ƙasa ba abin da ake gani sai ƙirare. Macen ta lafe a ciki. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya fara zuba wa injin zarto mai.

Arvo ya ajiye kofinsa a gindin iccen. Sannan ya cire madubin daga wuyansa, ya rataya mata da hannunsa.

"Kada ki kalli sheƙar. Ga busasshen reshe can ta hagu, sa ido a kai. Nan maigidan yake kawo cefane."

Suka jira har kofin ya huce. Can ƙananan tsuntsayen kurmi suka yi tsit. Sai ga kuka siriri, ki-ki-ki, ɗan shahon ya faɗo ta tsakanin itatuwa kamar an harbo shi, gwara a ƙafarsa, ya dira a kan reshen. Macen ta fito, ta fi shi girma, ta fizge abin ba ko sannu, ta koma.

Colleen ba ta sauke madubin da wuri ba. "Ko godiya ba ta yi masa ba," ta ce a hankali.

"Auren ya daɗe," in ji Arvo.

Ta miƙa masa madubin da hannu biyu, ta ce wa mai zarto ya mayar da kayansa mota, ta zagaye iccen da igiya mai ruwan ɗorawa.

Igiyar ce ta tona asiri. Kafin Asabar masu kyamara sun ji. Tun daga lokacin Arvo yake kafa kujerarsa a bakin hanya, nesa da iccen, duk wanda ya zo ya nuna masa inda zai tsaya, kuma ba mai ƙara taku ɗaya. Gladys tana kiransa maigadin shaho. Bai taɓa musawa ba.

A tsakiyar Yuli 'ya'yan suka fito kan reshe, kawunansu da sauran farin gashi. Colleen ta zo da ɗiyarta ƙarama. Arvo ya durƙusa ya rataya wa yarinyar madubin. Igiyar ta zauna mata daidai.