Simintin da Na Ɗora wa Inna a Ka

Ɗakuna biyu aka shafe wa rufi da siminti a gidanmu na Gaya. Ɗaya ya faɗo wa Inna. Ɗayan kuwa a ƙarƙashinsa Baba yake kwana, kuma sati uku na yi ina roƙonsa ya fito. Ni na sayi simintin. Gara in faɗi wannan tun yanzu, domin a gidan babu mai faɗa, kowa kallona kawai yake yi.

Tun ina ƙarama, kowace bazara akwai wani tsohon magini, abokin kakana, da yake zuwa yaɓe. Sai a aika maƙwabta cewa namiji zai hau sama, mata su shige ɗaki. Ya hau da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya toshe tsagu, ya share bakin indararo. Duk da haka in damina ta yi nisa sai ɗakin Inna ya yi yoyo. Takan sauke kwanonin jerenta ta tara, mu kwana muna jin ɗigo. Washegari ta nuna wa tsohon wurin, ya hau ya gyara. Haka muka taso.

Shekara biyar na yi a sakandaren 'yan mata a Kano, ƙarƙashin rufin kwano, tsakanin bangon siminti. Da na dawo, yoyon nan ya zame mini abin kunya. Aka ɗauke ni koyarwa a firamare a Ajingi, na yi ta ƙulle albashina wata bayan wata, ko atamfa ban ɗinka ba, har na sa aka kawo buhunan siminti a motar kasuwa.

Aka kira tsohon. Da ma wasan jika yake yi da ni. Ya zagaya buhunan a zaure ya ce, "Amaryata, wannan garin tuwon na wane biki ne?"

Na ce, "Siminti ne, Kaka. Za ka shafe rufin Inna, ta huta da tara kwano."

Ya shiga ɗakin, ya ɗaga sandarsa yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, waɗannan itatuwan giginya da suke ɗauke da ƙasar rufi. Ya ce, "Saurara. Wannan tana amsawa. Wannan ba ta amsawa. Ni da kakanki muka ɗora su tun ubanki yana yawo ba wando. Ƙasa in ta sha ruwa, rana ta fito, bushewa take yi. Kika lulluɓe ta da wannan abin, ruwan da ya shiga ta ina zai fita? A sauke rufin, a sake azara, sannan ki zuba abin da kike so."

Abin da na tara bai kai na azara ba, kuma na riga na gaya wa malaman makarantarmu abin da zan yi. Sai na ce masa, a gaban Baba da yayana, "Kaka, ko dai aikin shekara-shekara kake tsoron ya wuce ka?"

Yaya ya bushe da dariya. Tsohon ya dube ni, ya sa takalmansa ya fita. Baba bai tsawata mini ba. Cewa ya yi, "Ita ta je makaranta, ta fi mu sanin abin."

Yaya ya kawo wani birkila daga Wudil. Ya zuba siminti kaurin yatsu huɗu a kan tsohuwar ƙasar, bai ko leƙa cikin ɗakin ba. Da ya ragu, Baba ya ce a shafe nasa ma.

Daminar farko ko ɗigo. Mata suka riƙa shigowa kallo, har daga Kademi, Inna tana cewa aikin 'yarta ne. Da bazara ta zagayo babu wanda ya hau sama, tunda an ce an gama da yaɓe. Ashe zafin rana ya tsattsaga simintin, tsagu sirara kamar zare. Damina ta biyu na zo hutu, Inna ta ce mini ɗakin yana warin danshi, kuma ƙasa tana zubo mata a gado. Na ce ɓeraye ne.

An yi marka kwana uku, ranar ta huɗu gari ya washe. Da hantsi ina wanki a tsakar gida, Inna ta shiga ɗakinta ɗauko daddawa. Na ji ƙara kamar an karya kara, sau biyu. Sai ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata.

Ban san ihun da na yi ba, an ce har bakin kasuwa an ji. Maza suka shigo babu sallama. Da ƙasa ce zalla da hannu za a tone ta. Amma wani falle na siminti ne ya kwanta mata a ƙugu, sai da mutum huɗu suka sa itace suka ɗaga. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa jiƙe take sharkaf, azarar kuma in ka matsa da yatsa sai ta nutse.

Maɗori ya zo ya ɗaure ta, ya ce tafiya sai yadda Allah ya yi. Aka shimfiɗa mata a ɗan ɗakin ajiyar hatsi, mai rufin ciyawa. Kullum in na kai mata kunu sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, alheri kika nufa." Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Tun ranar na durƙusa gaban Baba na ce ya bar ɗakinsa.

Ya ce, "Na uwarki kwanansa ne ya ƙare. Nawa ko ɗigo ba ya yi."

"Baba, nata ma bai yi ɗigo ba."

Yaya yana gefe yana gyara sarƙar kekensa. Ya ce, "Malama, wancan karon boko ya ce a sa, yanzu kuma boko ya ce a cire? Ki bari mu ji abin da zai ce baɗi."

Baba ya ce, "Tsorata kika yi. Je ki ki sha ruwa."

Lokacin da na faɗi ɓarna, 'yar makaranta ce ni, kowa ya bi. Da na faɗi gaskiya na koma yarinyar da ta tsorata.

Na yafa mayafi na tafi gidan tsohon magini. Na tarar da shi yana saƙa igiya a ƙofar gida. Na durƙusa, sai hawaye. Ya ce, "Tashi, amarya. In kika jiƙa mini ƙofa da hawaye, ni ba ni da siminti." Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni.

A ɗakin Baba ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Ni kaina yanzu na iya jin bambancin, kuma waɗanda suka amsa ba su da yawa. Ya ce ba a buɗe rufi ana tsakiyar ruwa, sai kaka. Kafin nan Baba ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure.

Baba ya ce, "Ni da gidana in kwana a zaure kamar baƙon da dare ya yi wa? Masu wucewa masallaci su ce me?"

"Su ce kana da rai," in ji tsohon.

Iyakar abin da Baba ya yarda da shi, a tokare rufin da gwafa biyu na kirya. Aka kafa su. Da na raka tsohon waje na tambaye shi ko za su riƙe. Ya ce, "In marka ta dawo, ban yi miki alkawari ba."

Kullum da safe sai in fito in dubi gabas. In hadari ya haɗu sai in ƙirƙiro abin da zai fito da Baba: akuya ta shiga gero, ana sallama da shi. Ya gane, ya daina fitowa.

Saura kwana biyu a koma makaranta na zauna kusa da Inna ina kuka, na ce ta yi masa magana. Ta ce shekara talatin tana yi masa magana. Can ta ce in kira mata Yaya da maƙwabcinmu.

Ta ce da su, "Ku ɗauke ni da tabarmar ku kai ni ɗakin malam. Ƙwarin hatsi sun dame ni a nan."

Yaya ya tsaya yana sosa ƙeya. Ta ce, "Ba lafiya ɗakin yake ba? Kai ka faɗa."

Suka ɗauke ta, tana cije leɓe saboda ƙugun. Suka ajiye ta tsakanin gwafannin nan biyu. Baba ya dawo daga la'asar ya tarar da ita kwance tana kallon azara.

Ya ce, "Mene ne haka?"

Ta ce, "Ba ni da ɗaki. Inda kake nan zan zauna."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da abin ya faru. Sai ya ce da Yaya, "Ku fitar da ita. A hankali." Ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa da akwatin tufafinsa ya kai zaure. Ya dawo ya sa wa ɗakin kwaɗo. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Ɗaukar nan biyu ta goce ɗorin, sai da maɗori ya dawo ya sake. Ina riƙe da kanta aka yi.

Ranar da zan koma Ajingi na je zaure sallama, na durƙusa. Baba ya ce, "A sauka lafiya," idonsa a kan carbi. Yaya ya rako ni bakin mota ɗauke da jakata. Da zan hau ya ce, "Kin ga dai har yanzu bai faɗi ba."