Gishiri a Lambun Kawu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin auna ƙasar noman rani, don a gano ko ban ruwa yana tara mata gishiri. Ba ni da bakin roƙon manomin da ban sani ba, sai na zaɓi lambun Kawu, yayan mahaifiyata, a bayan gari. Shekara biyu ke nan ganyen tumatirinsa yana ƙonewa daga gefe, ga wani fari-fari da ke kwantawa a ƙasa in ruwa ya tsane.

Ƙarafa huɗu ake kafawa a jere, a saki wutar batir cikin ƙasa, na'ura ta nuna yadda ta ratsa. Inda gishiri ya yi yawa, wuta ba ta shan wahalar wucewa. Ranar da na je awon ƙasa ta bushe sosai, na'ura ta ƙi karantawa. Sai na yi abin da aka koya mana: na dama gishiri a galan, na ɗan tsiyaya a gindin kowane ƙarfe. Kawu yana gindin mangwaro yana kallo. Nauyin baki ya hana ni yi masa bayani.

Mako uku ina bin lissafin, har na koma na sake awon da ruwa zalla. Amsar ba ta canja ba. Ruwan rijiyar burtsatsensa ne ke kawo gishirin, rana ta shanye ruwan ta bar shi a sama.

Na same shi da abokansa a ƙofar gidansa a Ƙofar Kwaya bayan la'asar. Da muka gama gaisawa na ce, "Kawu, in ba a yi wa lambun magudana ba, ƙasar za ta mutu."

"Malamin boko, mi ka zuba a gindin ƙarafan nan naka?"

"Gishiri ne, kaɗan."

"To, madalla. Ka zuba gishiri, ka auna, ka samu gishiri. Allah shi ƙara basira."

Aka yi dariya. Takardar awo na biyu tana aljihuna, amma ban fito da ita ba.

Daga baya na aika masa ita ta hannun mahaifiyata. Ya ce a yi mini godiya, bai haƙa magudanar ba. Bara rabin lambun bai fitar da komai ba. Ya turo mana kwandon albasa daga ɗaya rabin, muna ci ana yabon girmanta.