Dattijon Kawu Sallau Ba Ya Karɓar Baƙi

Duk wanda ya taɓa yin sallama a gidan Kawu Sallau a unguwar Madain Fahd ta birnin Jidda ya san ba a amsa masa nan take. Sai Kawu ya ɗaga maka hannu, ya kara kunne a jikin mukayyif, tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin nan tasa da ke maƙale a taga, ya saurara. In ƙarar ta yi masa, sannan ya juyo: "Wa'alaikumussalam. Dattijo na lafiya, kai fa?" Dattijo wai sunan na'urar ke nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma wallahi bayan Dattijo nake a layin gaisuwa.

Ruwan da ke ɗiga daga bayanta ma ba ya zuba a banza. Bokiti ya ajiye, da shi yake ban ruwan zogalensa. Wata rana bokitin ya goce, ruwan ya sauka a kan Malam Isufu maƙwabcinsa, ya shigo yana faɗa. Kawu ya dube shi ya ce, "Ruwa kyauta a Jidda, kana ƙorafi? Kai, ɗan Adam!"

Shekarar da gas ɗin Dattijo ya ƙare ana tsakiyar zafi, na raka shi shago. Mai shagon ya ce doka ta hana, ba ya sayar wa kowa tukunyar gas sai mai lasisin gyara.

"Ya Hajji, a iƙamarka, takardar zamanka, direba aka rubuta, ba mai gyara ba. Halas, magana ta ƙare. Zan turo maka ma'aikaci gida."

"Gidan wa?"

"Gidanka mana."

"Dattijo ba ya karɓar baƙi."

Na ce, "Haba Kawu, mutum ɗaya ne fa, ya zuba ya tafi." Ko kallona bai yi ba. Muna komawa ya kwance na'urar daga taga, ya lulluɓe ta da zanen gado, ya ɗora a baro. Tsoho da furfura, rana tsaka, yana turawa yana haki, ya kuma hana ni kamawa wai hannuna rawa yake. Da muka isa ya share gumi ya ce wa mai shagon, "Doka ta ce kai za ka zuba. Ta ce a ina? Yalla, bismillah."

Mun sha dariyar wannan, amma duk mun san dalili, ba ma dai faɗa ne. Inna Hajara, matarsa, da umara ta shigo Saudiyya ta zauna, ba ta da takardar zama. Ga ciwon asma, in ɗaki ya yi zafi numfashinta sai ya kama. Dole Dattijo ya yi aiki, dole kuma baƙon ido kada ya ga wadda ke kwance a ƙarƙashinsa. Magana ɗaya in ta fita, jirgi za a sa ta a mayar da ita ƙasarmu.

Bayan rasuwarta gas ya sake ƙarewa. Na zo da baro. Kawu ya ce, "Mayar da shi. Kira ma'aikacin ya zo." Mutumin ya zo, Kawu ya wangale masa ƙofa har bango, ya ce, "Shigo ko'ina, ɗana. Ba kowa."

Ban taɓa jin maganar da ta karya mini zuciya kamar wannan ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sallau da Inna Hajara. Yadda ya sanyaya mata ɗaki, ya Allah ka sanyaya masa makwanci.